Ledar ruwan da na rataya a Adre

Shekara 14 ina aikin jinya kafin in tafi Chadi, kuma da wannan shekarun na riƙa tinƙaho tun a cikin jirgi. Annobar amai da gudawa ta 2021 a kan idona aka yi ta a Kano. Na sa wa mutane allurar ƙarin ruwa da hasken tocilan waya, na samo jijiya a hannun da wasu suka haƙura da shi. Don haka da wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ni aikin sa-kai na wata uku a Adre, cikin daminar 2023, ban ɗauka akwai abin da za a koya mini game da gudawa ba.

Tafiyar ba ta da wani labari: Injamena, Abeshe, sai mota cikin taɓo. Adre ƙaramin gari ne a bakin iyakar Sudan, kilomita talatin da wani abu daga Al-Jinaina, babban birnin Darfur ta Yamma. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, musamman bayan an kashe gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, a watan Yuni, mutane suke kwararowa a ƙafa da kan jakuna, akasarinsu 'yan ƙabilar Masalit, mata da yara. Aka tura ni tantin yara masu tamowa. Ni kuwa rayuwata duk a sashen gaggawa na manya na yi ta.

An yi mana bita ta yini biyu. Gaskiya rabinta gyangyaɗi na yi. An ba ni littafin ƙa'idoji, na jefa shi ƙasan jaka. Takardar da aka manna a jikin sandar tantin kuma da Faransanci take, ban ko nemi a fassara mini ba.

Dare na huɗu aka kawo wata yarinya 'yar shekara biyu, kilo 6 cif. Igiyar awon dantse ta faɗa ja, alamar tamowa mai tsanani. Idanu sun zurma, na ja fatar ciki ta tsaya kamar tsumma, uwar na nuna mini da hannu cewa zawo take yi. Mai yi mana tafinta ya fita salla. Ban jira shi ba. Hannuna ya yi abin da ya saba a kwalara: mililita 30 ga kowane kilo cikin rabin awa, wato 180. Na samu jijiya a karo ɗaya, har ina jin daɗin kaina. Na rataya ledar, na buɗe ta sosai, na wuce gado na gaba.

Wani ma'aikacin jinya ɗan Chadi ne ya gani, yaro matashi da na girme wa nesa ba kusa ba, mai 'yar Hausar kasuwar Injamena. Bai yi sallama ba, ya kai hannu ya rufe ruwan, sannan ya juyo.

"Hajiya, wa ya sa wannan?"

Na ce ni ce, har da ɗaga murya. Bai amsa ba. Ya kamo hannuna ya ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarin yarinyar na dama. Hanta ta sauko. Fatar ido ta fara kumbura, numfashi na fita sama-sama da ɗan gurnani. Ruwan da na zuba ya fi ƙarfin zuciyarta.

Abin da ke cikin littafin nan na ƙasan jakata ke nan. Yaro mai tamowa mai tsanani, idonsa a zurme yake, fatarsa a saki take ko da bai rasa ruwa ba, domin kitsen da ke ƙarƙashi ya ƙare. Alamomin da na dogara da su shekara da shekaru ƙarya suke yi a jikinsa. Zuciyarsa ma ta rame kamar sauran naman jiki, gishiri ya taru masa a ciki. Shi ya sa ko ruwan gishiri da sukari na yau da kullum ba a fara ba shi, sai ReSoMal mai ƙarancin gishiri, ta baki, mililita 5 ga kowane kilo duk rabin awa, ana ƙirga bugun zuciya da numfashi. Mililita 30 ke nan a kofi, da cokali. Ni na ɗura 180 a jijiya. Ba a taɓa jijiya sai yaro ya fita hayyacinsa, hannu ya yi sanyi, bugu ya raunana, shi ma a hankali.

Kuma tambaya ɗaya ce da ta tsare ni: yaushe idon ya zurma, jiya ko tun tuni? Da tafinta ya dawo, uwar ta ce tun a hanya idanun suke haka, wata guda ke nan. Minti goma na kasa jira.

Muka zaunar da yarinyar, aka jona iskar numfashi, likita ya zo ya ba da allurar sa fitsari. Na kwana a gindin gadon ina ƙirga numfashi duk bayan minti goma sha biyar, ina rubutawa a bayan hannuna don takarda ta ƙare. Wajen asuba ya fara sauka. Sai a rana ta biyu ta karɓi F-75, madarar farko da ake ba masu tamowa, ba tare da tiyon hanci ba.

Da safe na rubuta rahoton abin da na yi da hannuna, da sunana. Ba a kore ni ba. An dai ce in bi bayan matashin ma'aikacin jinyar nan mako guda, kada in rataya komai sai ya gani. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma a makon na koyi auna yaro kafin a ba shi ruwa da bayan an ba shi, da shata gefen hanta da biro a kan fata don a gane in ta motsa.

Masu tambayata shawarar tafiya suna son jin maganar biza da rigakafin ciwon shawara da takalmin roba. Waɗannan ƙungiya za ta faɗa muku. Ni abin da nake cewa, ku tambaya wane tanti za a kai ku tun kuna gida, ku karanta ƙa'idar wannan tantin har ku haddace, ko da kun shekara ashirin a wani sashe. In an manna takarda da yaren da ba ku ji, ku tsare wani ya karanta muku ita ranar farko.

Yarinyar ta yi kwana 12 aka sallame ta da jakar Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na masu tamowa. Uwar ta riƙe hannuna tana ta addu'a da Larabci, don a saninta ni ce na kwana a kan 'yarta. Na roƙi tafinta ya faɗa mata sauran labarin. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce mata in ji ni Allah ya raya.