Darasin da ke jiran Baba ya dawo da waya

Ranar da aka ce a rufe makarantu saboda cutar korona, a watan Maris na 2020, a durowar ofishin malamai na bar littafin tsara darasina. Gwamnonin arewa maso yamma kwana 30 suka ce, ni kuwa na ɗauka ɗan hutu ne ya zo da wuri. Ban sake ganin littafin nan ba sai watan Agusta, ƙura ta yi masa bargo.

Lissafi nake koyarwa a wata sakandare a cikin birnin Kano, kuma a shekarar 'yan ajin ƙarshe ne a hannuna, masu jiran WAEC. Da aka kulle garin a tsakiyar Afrilu, azumi kuma ya kama, sai hankalina ya tashi. Lissafi kamar wuƙa yake, in an ajiye shi sai ya yi tsatsa.

Farko Zoom na gwada, manhajar taro ta bidiyo, don shi kowa ke magana. Na sa rigar kirki, na jingina wayata da gwangwanin madara, na zauna. Cikin yara sittin da 'yan kai, shida suka shigo. Ɗaya bai san yadda ake kashe murya ba, muka sha kukan akuyarsu har ƙarshe. Biyu sabis ya yi ta jefar da su. Kafin mu gama gaisawa da "kuna ji na?" minti 40 ɗin da ake bayarwa kyauta ya kusa cika. Washegari wani uba ya kira ni, cikin ladabi, ya ce: "Malam, Allah ya saka da alheri, amma datar da na sa ta wata guda ce, jiya ta ƙare." Kunya ta kama ni. Mutum yana kulle a gida, ba ciniki, ga cefanen buɗa-baki, ni kuma na cinye masa kati da hoton fuskata.

Daga nan na ɗauki rajista na bi lambobin iyaye ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar abu uku: wace irin waya ce a gidan, ta wa ce, kuma yaushe take shiga hannun yaron. A nan na gane da masu wayoyi nake aiki kafin ɗalibai. Wata ta yayanta ce, sai ya yi barci. Wani ta mahaifiyarsa ce, ƙaramar waya mai madannai wadda ba ta hawa WhatsApp. Da aka fara sassauta kulle kuma, wayoyin suka koma kasuwa tare da masu su, ba sa dawowa sai bayan isha'i, cajinsu saura kaɗan.

Sai na sauya tsari gaba ɗaya. Kowane darasi ya zama hoton takarda ɗaya da saƙon murya ɗaya wanda bai wuce minti uku ba. Takardar da baƙin biro nake rubutawa, manyan baƙaƙe, kowane layi da lambarsa a gefe, in ɗauki hoton a tsakar gida da hantsi don haske. A muryar sai in ce: "Ɗora yatsanki a layi na huɗu. Kin ga bakwai ɗin nan? Daga ina ta fito?" Sai in yi shiru na ɗan lokaci, a cikin saƙon, kamar ina jiran amsa. Wannan shirun ya fi duk bayanina amfani, yaran da kansu suka faɗa min daga baya. Kalmomin lissafin da Turanci nake faɗarsu tunda da shi za su rubuta jarrabawa, amma bayanin da Hausa zalla, irin wadda zan yi wa ƙanena.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rashin fuska. Shekara da shekaru ashe da idon yara nake koyarwa: in na ga an yamutsa goshi a layin baya sai in koma. A waya babu goshi. Dole na zauna in tuno duk inda yara suka saba tuntuɓe, in toshe ramin tun kafin su iso. Darasin minti uku yakan ci min awa guda, wani lokaci in ɗauka sau biyar saboda mai tallan ruwa ya ratsa ta ciki.

Wanda na fi jin daɗinsa shi ne na alwatika mai kusurwar daidai. Na ce kowa ya samo igiya, ya auna taku uku a jikin bangon ɗaki daga lungu, taku huɗu a ɗaya bangon, sannan ya ja igiya tsakanin alamomin biyu ya gaya min taku nawa ne. Amsoshi suka yi ta zuwa: biyar, biyar, biyar da ɗan ɗoriya. Wani yaro ya turo murya yana dariya, wai babansa magini ne, ya ce ai da haka suke fitar da kusurwar gini tun kafin a haife shi, bai san sunan wani Bagirke, Pythagoras, ne a kan ƙa'idar ba. Mai biyar da ɗoriya kuwa na ce masa lissafinsa daidai ne, ɗakinsu ne a karkace.

Na yi kuskure a guruf ɗin WhatsApp da nake tura darussan. Da iyaye suka cika shi da bidiyon maganin korona da saƙonnin "tura wa mutum goma", sai na rufe, ni kaɗai ke iya turawa. Guri ya yi tsit, tambayoyi ma suka mutu. Sai na koma buɗe shi awa ɗaya bayan isha'i. WhatsApp yana nuna wanda ya saurari saƙon murya, to da wannan nake kiran suna. Da yawa ƙarfe ɗaya ko biyu na dare suke saukewa, lokacin datar dare mai araha, a azumi kuma su saurara kafin sahur.

Marasa babbar waya fa? Fotokofi na riƙa yi da kuɗin aljihuna, in ajiye wurin wani mai shago a bakin layin makaranta, su karɓa ranar da aka bari a fita cefane, su dawo da na baya. Wasu abokansu suka tura musu muryoyin ta Xender ko Bluetooth zuwa memori. Gwamnati ta sa darussa a rediyo da talabijin, na kuma ce su riƙa saurare, sai dai rediyo ba ya jin "Malam, ban gane ba". Duk da haka akwai yara tara da ban ji ɗuriyarsu ba ko sau ɗaya. Biyu cikin 'yan matan ba su dawo ba ma da aka buɗe. Wannan har yau yana ci min rai.

A 2022 ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, darussa kyauta a intanet. Na leƙa, akwai abin ɗauka, ina kuma nuna wa sababbin malamai. Amma tambayoyina uku na nan, su nake fara yi wa kowane sabon aji a makon farko, in rubuta amsar a bayan rajista.

An fara WAEC ranar 17 ga Agusta. Kwanaki kaɗan kafin nan muka haɗu a aji, kowa da takunkumi, an raba kujeru. Yarinyar nan mai jiran yayanta ya yi barci ta miƙo min wani tsohon littafi: duk takardun da na tura ta kwafe su da hannu, har da lambobin gefe, har da inda na yi kuskure na soke.