Inda Ruwan Feshi Yake Zuwa

Shekara uku na yi ina aikin malamin gona da masu lambun mangwaro da gwaba a gefen wani rafi, kuma duk karatun da nake ba su bai wuce awo ba: murfi nawa na maganin ƙwari za a zuba a injin feshi na goyo mai cin lita 16. Ban taɓa tambayar inda ragowar take zuwa ba.

Wata safiya a farkon damina na iske yara da roba a bakin rafin suna tsintar karfasa da ƙananan tarwaɗa, duk sun juyo ciki sama. Jiya da yamma an yi feshi, da daddare aka sheƙa ruwa. Wani dattijo masunci ya kama hannuna ya kai ni wajen wani falalen dutse inda masu feshi ke ɗauraye injinansu, ga kwalaben magani nan a yashe. Ya ce, "Malam, kai ka koya musu zubawa, wa zai koya musu wankewa?" Bakina ya mutu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kifin nan tukunyar miya za a kai shi.

Da na koma na duba takardar da ke jikin kwalbar, sai ga gargaɗin ɓaro-ɓaro: guba ne ga kifi. Sunan sinadarin maganin sifametirin, kuma irinsa ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi da ƙananan halittun da kifin ke ci. Yana kuma manne wa ƙasa, don haka duk laka da ruwan sama ya kwaso daga ƙarƙashin bishiya tana tafe da rabonta. Ashe ba sabon abu ba ne. Manyanmu sun san yadda aka riƙa zuba Gamalin a ruwa don kama kifi, kafin yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta sa sinadarinsa, lindan, cikin jerin haramtattu a 2009. A Kasaragod ta Indiya kuwa, an shafe fiye da shekara 20 ana fesa wani maganin ƙwari mai suna endosalfan ta sama a gonakin kashu, jama'a na kokawa da cututtuka, sai a 2011 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta hana shi.

Yanzu kafin maganar awo, sai mun zaga lambu da ƙafa mun ga inda ruwa ke gangara. In hadari ya haɗu, ba feshi. Ana ɗebo ruwa a bokiti a wanke inji can nesa da rafi, a bar ciyawar gaɓa ta tare laka. Wasu sun karɓa, wasu har gobe suna ganin ɓata lokaci ne, kuma a rafin nan shanun Fulani ke shan ruwa kowace yamma.