Yau na hana Kawu aron koma

Talata, Yamai.

Tun kafin hantsi zafin bazara ya kankama. Da na leƙa tafkin siminti na baya, na tarar da karfasa uku sun juya ciki sama. Wata kuma tana ta kewaya wuri guda kamar mai hajijiya, ido ɗaya ya kumbura ya yi fari. Na kwashe matattun, na rubuta yawansu da zafin ruwan a littafi, na hana tafkin abinci.

Likitan dabbobi da na kira ya ce kada in kawo masa mushen da ya kwana, wai ba ya faɗin komai. Wadda ke jinya yake so da ranta, ko kuma a cikin ƙanƙara. Zatonsa ya fi karkata ga ƙwayar Streptococcus, mai tashi idan ruwa ya yi zafi kuma kifi ya cunkushe, amma sai gwaji ya tabbatar. Ni dai fargabata ita ce TiLV, cutar karfasar da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yi gargaɗi a kanta a 2017, bayan ta ɓulla a Isra'ila da Masar da Tailan. Ba ta kama mutum, sai dai ba ta da magani. Ga kuma abin da ya sami masu kiwon kifi cikin keji a tafkin Volta na Ghana a 2018, lokacin da wata cutar daban ta yi musu ɓarna.

Ina tsaka da haƙa ramin binnewa sai ga Kawu, maƙwabcina, shi ma mai tafki ne. Ya tsallake kwanon ruwan jabel, mai kashe ƙwayoyin cuta, da na ajiye a bakin ƙofa don tsoma takalmi, ko kallonsa bai yi ba.

"Ɗana, ara mini komarka, tawa ta yage."

"Kawu, ku yi haƙuri, yau kam ba ta fita. Ciwo ya shigo mini."

Ya yi dariya, ya ce, "Kifin kogi wa ke wanke masa ƙafa?"

Wannan fa shi ne mai wuyar. Sayen jabel da ware wa kowane tafki bokitinsa ba komai ba ne, amma ka ce wa dattijo a'a a kan koma, sai ka ji kamar ka zage shi. Alhali jiƙaƙƙiyar koma ta isa ta kai masa ciwon har gida.

Da la'asar na aika masa da zare da allura ya ɗinke tasa. 'Ya'yan kifin da na yi odar su na ce a dakata tukuna, in sun zo ma keɓe su zan yi makonni. Gobe da sassafe zan kai mai hajijiyar gwaji, in ta kwana.