Haruffa huɗun da na sa aka ɗinka a jakar ɗana

Har yau in na ga jakar makaranta da haruffa a bayanta, sai na tsaya na haɗa su na karanta a fili, kamar mai koyon baƙi da wasali. Da na yi haka sau ɗaya tak a lokacin da ya dace, da ɗana bai sha abin da ya sha ba.

Tun ina saurayi nake sha'awar mutanen da ake kira da haruffa. IBB, MKO, JFK, da ka furta kowa ya san wa kake nufi, ni kuma ina ganin hakan wani kwarjini ne. To, da babban ɗana zai tafi makarantar kwana aka ce kowane yaro ya sa alama a kayansa, sai na ga dama ta samu. Sunansa ya fara da J, nawa da A, na mahaifina da K, na kakana da I. Na rubuta wa mai ɗinki su a takarda, da ɗigo a tsakani. A cikin kaina da Turanci nake jin su: je, e, ke, ai. Sun yi mini daɗi a kunne. Mai ɗinki ya ga ɗigon ba ya fita da kyau a zare, ya manne haruffan wuri guda. Jaka, riguna, bargo, har bokiti da fenti.

JAKI.

Ni da na rubuta ban gani ba. Yara 'yan shekara sha ɗaya kuwa a daren farko suka gani. Jakarsa ta koma "mangalar Jaki". In ya shigo aji sai wani daga baya ya yi kukan jaki. In sun wuce inda aka zubar da toka, sai su ce ya tsaya ya yi birgima tukuna. Ranar da ya zo na ɗaya a lissafi ma ba su bar shi ba, cewa suka yi yau jaki ya tsere wa dawakai. Wannan kam ko ni na san an iya magana, amma a kan ɗana aka yi ta, kuma ni na ba su makamin.

Zango guda cur bai faɗa mini ba. Sai ranar ziyara na ji wani yaro ya ƙwala masa kira, shi kuma ya waiwaya. Na ce wa yake kira haka? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai a jikin rigata yake." Na duba ƙirjinsa. Wallahi sai da na nemi wurin zama.

Na canza kayan duka a makon, amma suna ba ya bin riga ya fita. Kuma ashe akwai saura. A takardar shiga makaranta ma haruffa uku na rubuta sannan sunan kakana, haka ya bi shi har takardar sakamakon jarrabawa, alhali takardar haihuwarsa na ɗauke da cikakken suna. Da muka zo neman fasfo aka ce sunayen ba su dace ba. Rantsuwa a kotu, cike takardu, je ka dawo, kusan wata uku. Duk saboda ban rubuta suna cikakke ba a layin da ke da isasshen fili.

Daga baya na gano ba kanmu farau ba. Mawaƙin Amurka Johnny Cash, J.R. kawai iyayensa suka sa masa, sai da ya shiga sojan sama a 1950 aka ƙi karɓar haruffa, ya koma John R. Cash. Tsohon shugaban Amurka Harry S. Truman, S ɗinsa ba ta tsaya wa kowane suna ba, an sa ta ne don a girmama kakanninsa biyu. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Ulysses S. Grant. Sunansa na asali Hiram Ulysses Grant, ɗan majalisar da ya tura sunansa makarantar soja ta West Point a 1839 ya rubuta ba daidai ba, haruffan suka zama U.S., wato gajeren sunan Amurka da Turanci, abokansa suka laƙaba masa Sam. Da wannan kuskuren na wani ya shugabanci Amurka. Na ba ɗana labarin don ya ji sanyi, ya ce, "Baba, shi ai sunan ƙasa ya samu."

Duk mai son sa wa yaro haruffa, ya cire ɗigon ya karanta su a matsayin kalma, da Hausa, da Turanci, da duk harshen da abokan yaron ke ji. Ya ba wani yaro ya karanta, don idonsu ya fi namu saurin gano abin dariya. Takardar hukuma kuwa, a rubuta suna cikakke, iri ɗaya a ko'ina. Da ƙanwarsa za ta tafi makaranta sunanta na yanka kaɗai na sa aka ɗinka, sai da na duba shi sau uku kafin na biya.

Ranar da suka kammala, abokansa suka ɗaga shi sama suna ta kiran sunan nan, shi kuma yana dariya har da hawaye. Mahaifiyarsa ta ce in saki raina, tunda shi ya daina jin zafi. Na yi murmushi saboda hoto, amma idona na kan ƙirjin rigarsa, inda babu komai a rubuce.