Godiya bayan walimar jiya

Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan an watse na ɗauki waya zan fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ban kai mutum biyar ba murya ta ƙi, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya ɗauki rabonsa. Alhamdulillahi, na gama kimo, wato ƙarin maganin ciwon daji, sau goma sha biyu cif, duk bayan sati biyu, wata shida kenan, kuma hoton da aka yi min bai nuna komai ba. Waɗanda suka zo da waɗanda suka aiko da addu'a daga nesa, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Da yawa jiya kun ga ɗan kumburin nan a ƙirjina ta dama kun yi kawaici, sai ɗan ƙanwata ne ya ce Kawu mene ne wannan kamar murfin kwalba. Fot ake ce masa. Bayan an yanke min inda ciwon dajin yake a babban hanji sai likita ya ce jijiyoyin hannuna ba za su jure maganin ba, aka yi min allurar kashe zafi aka dasa shi ƙarƙashin fata, yana da siririn bututu da ya shiga babbar jijiyar da ke kai jini zuciya. Ranar kimo sai nas ta soka masa wata allura ta musamman, a yi ƙarin maganin a asibiti, sannan a haɗa ni da wata 'yar gora kamar fidar jarirai in tafi da ita gida tana ɗiga awa 46 kafin in dawo a cire. Da ita nake kwana, da ita nake sallah.

To ni ɗan Yawuri ne, a bakin Neja na tashi cikin 'ya'yan Sarkawa, kuma ko da aiki ya kawo ni Abuja ban taɓa yin sati ban shiga ruwa ba. Wallahi ranar da aka sa fot ɗin abin da ya fara zuwa raina ba mutuwa ba ce, cewa na yi shikenan ni da iyo kuma. Na fi sati uku ina jin nauyin tambaya don kar a ce mutum yana fama da kansa yana zancen wanka. Godiyata ta farko ga nas ɗin nan ce, babbar mace mai tabarau, ita ta lura ta ce Malam faɗi abin da ke bakinka. Da na faɗa ba ta yi dariya ba. Ta ce ai da irin layin da ake sa wa a hannu ne mai bututu a waje da babu maganar ruwa, amma wannan fata ta rufe shi ruf, in ɗinki ya warke ruwa ba shi da ƙofar shiga. Likita ya ƙara da sharuɗɗansa: ba na shiga in allura tana jiki, in an cire sai ramin ya rufe kwana ɗaya ko biyu, sai gwajin jini ya nuna sojojin jikina ba su yi ƙasa ba, wurin ninƙaya mai kulorin kawai, kogi kuwa ko da wasa, ga ƙwayoyin cuta ga tsargiya. In zazzaɓi ya kai 38 kuma ba a jiran safiya, asibiti kai tsaye. Sau biyu jini ya sauka aka hana ni, na yi fushi kamar yaro, Likita ka yafe min.

Abin da ya fi ba ni wuya ma ba fot ɗin ba ne, ɗaya daga cikin magungunan ne, oksaliplatin, wanda ke sa sanyi ya zama abokin gaba. Kwana uku huɗu bayan kimo in na taɓa murfin firij sai in ji kamar lantarki, ruwan sanyi kuwa kamar ana haɗiyar fasasshiyar kwalba. Don haka sai sati na biyu nake zuwa, da la'asar lokacin da rana ta gasa ruwan. A nan zan gode wa yaron da ke kula da wurin, shi ke tsoma hannu ya kira ni ya ce Baba yau da ɗumi taho, ko ya ce yau hadari ya sanyaya shi ka zauna gida. Ranar farko tsawo biyu kacal na yi na kama bango ina haki, ni da nake ƙetare ruwa da 'yan kwale-kwale suna min ihu. Amma da na kwanta rigingine ruwa ya ɗauke ni, rabon da in ji jikina nawa ne tun kafin tiyata. Na yi kuka sosai a wurin, sa'a dai fuska a jiƙe take.

Hajiya, ki yi haƙuri da ɓoye miki da muka yi na wata biyu. Na san da kin ji cewa za ki yi mai ciwo kwanciya yake, kuma da kika ji ɗin kin faɗa, amma daga baya ke ce mai tambaya yau an je ruwan kuwa. Maman yara, ban san ta inda zan fara ba. Ita ta ɗinka min ɗan matashin da nake sa wa a bel ɗin mota don yana goga min fot, ita ke zama a bakin ruwa da tawul da fulas ɗin shayi duk da ba ta son wurin ko kaɗan, ita ta hana ni ɗaukar jarkar ruwa har ɗinki ya warke. Abokan masallacinmu uku da suka mai da zagayen unguwa bayan asuba al'ada saboda ni, har ranakun da gorar ke rataye a ƙuguna muna tafiya kamar masu rakiyar amarya, ku ma na gode, duk da na san ɗayanku don tumbinsa yake yi. 'Yan ofis da kuka haɗa kuɗi ba tare da na roƙa ba, da Yaya da ya sayar da shanunsa biyu ya ce kar in sake in ji, to na ji.

Fot ɗin yana nan tukuna, an ce a bar shi zuwa wani lokaci, duk wata zan je a wanke shi don kar ya toshe, yatsuna kuma har yanzu da sauran dindiris, maɓallin riga sai an taimaka min. Mutanen Yawuri masu cewa in zo mu shiga Neja da Sallah, zan zo amma daga kan kwale-kwale zan kalle ku, likita ya ce sai an cire.

Akwai kuloli huɗu da wata hula ƙube da aka bari jiya, masu su a zo a ɗauka kafin yara su gaje su.