Abin da Rashomon ke koya wa mai riƙe da kyamara

Minti 88 ne tsawon Rashomon, fim ɗin da Akira Kurosawa ya yi wa kamfanin Daiei na Japan a 1950, kuma labarinsa bai wuce wurare uku ba: rusasshiyar ƙofar gari, daji, da farfajiyar shari'a. Da ɗan wannan ya lashe Zakin Zinare, babbar kyautar bikin fina-finai na Venice, a 1951, har yau kuma ana karantar da shi. A ganina sunan da ya yi ya samo asali ne daga yadda aka warware ƙananan matsalolin aiki.

Ga ruwan sama, alal misali. A hoton baƙi da fari, in sararin sama ya yi fari-fari, ɗigon ruwa ɓacewa yake yi. Sai aka zuba baƙar tawada a ruwan da ake fesowa da mesa, shi ya sa mamakon da ke zuba a ƙofar nan yake da kauri a ido.

Daji kuwa duhu ne matsalarsa. Mai ɗaukar hoton, Kazuo Miyagawa, ya sa madubi yana tare hasken rana yana mayar da shi kan fuskokin 'yan wasa, inuwar ganye na gilmawa, fuska ta zama rabi haske rabi duhu. Ya ma juya kyamara ta kalli rana ta tsakanin rassa, abin da masu sana'ar ke gudu a lokacin.

Wanda ya fi ratsa ni shi ne zaman shari'a. Ba a ganin alƙali, ba a jin muryarsa. Mai ba da shaida kyamara yake fuskanta, hukunci ya koma wuyan mai kallo. Bakuna huɗu suka ba da labarin mutuwar mayaƙi ɗaya, kowa da irin nasa labarin daban: ɗan fashi, matar mamacin, mamacin kansa ta bakin 'yar bori, da mai saran itace.

A nan masu kwaikwayon salon ke tuntuɓe. Sukan maimaita fitowa ɗaya, su sauya maganganu kawai. Kurosawa har motsin jiki ya sauya. Faɗan takobin da ya yi da mayaƙin, a bakin ɗan fashin, wanda Toshiro Mifune ya fito a matsayinsa, na gwanaye ne. A bakin mai saran itace kuwa maza biyu ne a tsorace, hannu na rawa, suna faɗuwa suna rarrafe cikin ƙasa, kowa na neman takobin da ya suɓuce masa.