Saɓar fatar fuska da wuya: a fara duba inda take kafin a nemi mai

Mutum zai wanke fuska da safe ya shafa mai, kafin rana ta take gefen hancinsa ya sake yin furu-furu, gira tana zubar da gari kamar dusa. Daga nan yawanci sai a ɗauko soso mai kaushi a dirje wurin, ko a ƙara lafta mai. Kowanne daga ciki na iya ƙara dagula lamarin, domin ba abu ɗaya ne ke sa fata saɓa ba, kuma maganin wata larurar shi ne takin wata.

Saman fata kamar ginin bulo yake. Matattun ƙwayoyin halitta su ne bulon, wani kitse da fatar ke yi da kanta shi ne simintin da ya riƙe su ya hana ruwa tserewa. Lafiyayyar fata tana sabunta kanta cikin kimanin mako 4, tsoffin ƙwayoyin suna zuba ɗaya-ɗaya ba a ganinsu. Idan kitsen ya wanke, ruwan ya tafi, sai su riƙa ɓallewa a dunƙule, shi ne ɓawon da ake gani. Sabulun wanka na gama-gari shi ne babban mai wanke kitsen nan. A ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar abu, fata tana wajen 5, sabulun kuwa yana tsakanin 9 da 10. Wannan ɗaurewar da fuska ke yi bayan wanka, wadda wasu ke ɗauka alamar an fita tas, alama ce ta an yi ɓarna.

Inda saɓar take shi ke fara nuna asalinta. Bushewa zalla ta fi kama kumatu da kewayen baki, ɓawonta fari ne siriri, tana tsananta lokacin sanyi ko a ɗakin da na'urar sanyaya iska ke aiki dare da rana, kuma da an gyara wanka da shafa take lafawa. Idan kuwa saɓar ta tsaya a gira, tsakanin gira biyu, lungun hanci, bayan kunne ko cikin gemu, ɓawon yana da ɗan maiƙo da launin rawaya-rawaya, ga amosani a ka, to wannan amosanin ne ya sauko fuska. Fatar ba ta rasa mai ba. Wani nau'in yis ne mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kowa, abincinsa maiƙo, fatar wasu mutanen ce ba ta jure masa. Shafa man zaitun a irin wannan wuri ciyar da shi ne kawai. Egzima kuma, larurar kumburin fata, ƙaiƙayi ne tambarinta, ƙaiƙayin da ke hana barci, tana son fatar ido, wuya da lanƙwasar hannu da ta gwiwa, sau da yawa ga tarihin asma ko yawan atishawa a dangi. Soriyasis, wata larurar fatar daban, tana da iyaka a fili kamar an shata, ɓawonta mai kauri, a fuska ta fi bin layin gashin goshi. A cikinta fata na sabunta kanta cikin 'yan kwanaki maimakon makonni. Sai makero, mai zagaye yana faɗaɗa, bakinsa a tashe tsakiyarsa na washewa, galibi a gefe ɗaya na fuska.

A fata mai duhu kada a tsaya neman ja. Kumburin yakan fito ne da launin toka, ko ya fi sauran fatar duhu, bayan ya warke kuma ya bar tabo mai haske ko baƙi da kan ɗauki watanni kafin ya saje. Tabon ba ya nufin cutar na nan.

Ko wace ce daga cikinsu, tushen kulawar ɗaya ne. Ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, wanka kada ya wuce minti 10. Abin wanke fuska marar sabulu kuma marar ƙamshi, sau ɗaya a rana da dare ya isa, da safe ruwa kawai. Da tafin hannu ake wankewa, babu soso, babu garin dirza. A ɗan danna tawul a tsane ruwan, kada a goge, sannan a shafa mai cikin minti 3 tun fatar na da danshi, domin aikin man shi ne tsare ruwan da ke ciki. Wanda ya bari fuska ta bushe ƙayau sannan ya shafa, ya rufe ƙofa ne bayan ɓarawo ya fita.

Wajen zaɓen mai, bayan kwalba ake karantawa. Glycerin yana jawo ruwa ya riƙe, ceramide yana maye gurbin simintin da ya zube, Vaseline zalla kuma babu kamarsa wajen hana ruwa fita. Mai ruwa-ruwa da ake tatsowa daga kwalba yawanci bai isa ga fata mai gautsi ba, mai kauri ya fi. Urea na sassauta ɓawo, amma a fuska a tsaya a kashi 5 cikin 100, kuma zai yi zafi in fatar ta tsage. Tsari mai sauƙi shi ne mai kauri marar ƙamshi safe da dare, sannan da dare a ɗora Vaseline siriri a wuraren da suka fi bushewa. A shafa a hankali ana bin yadda gashi ya kwanta, murzawa da ƙarfi na toshe ramukan gashi ta kawo ƙuraje. In man na cikin gwangwani ne, a ɗebo da cokali mai tsabta. Sabon mai kuma a gwada shi a cikin lanƙwasar hannu sau biyu a rana na mako guda kafin ya hau fuska. Cikin wannan lokaci a ajiye duk wani abin shafawa mai retinol, asid ɗin kankare fata ko sinadarin barasa. Mai irin su Vaseline yana jiƙa rigar matashi da tufafi ya sa su saurin kama wuta, don haka a yi nesa da sigari da kyandir.

Idan an yi mako 2 zuwa 3 a kan haka ba canji, ba bushewa zalla ba ce, sai magani. Ga amosanin fuska, man ketoconazole mai kashi 2 cikin 100, maganin kashe yis ɗin, ake shafawa sau ɗaya ko biyu a rana na mako 2 zuwa 4. Dole a haɗa da kai, in ba haka ba daga can zai sake saukowa: shamfu na ketoconazole sau biyu a mako, a bar kumfar minti 3 zuwa 5 a ka da gemu kafin a ɗauraye. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna sawa suna wankewa nan take. Bayan ya lafa a ci gaba da shamfun sau ɗaya a mako ko mako biyu, domin larura ce mai komowa.

Ga egzima, hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100, wato sitiroyid mai sauƙi da ke rage kumburi, shi ne irin ƙarfin da fuska ke ɗauka, sau ɗaya ko biyu a rana na kamar kwana 5 zuwa 7, bisa shawarar likita ko mai harhaɗa magani. Ana auna shi da yatsa: abin da aka matso daga kan ɗan ali zuwa gaɓar farko kusan rabin giram ne, yana rufe wuri kamar tafin hannu biyu. Fuska da wuyan babba gaba ɗaya suna cin biyu da rabi na wannan awo, amma a inda ciwon yake kaɗai ake sawa. A bar kimanin minti 30 tsakaninsa da man shafawa. In egzimar na yawan dawowa, musamman a fatar ido, likita kan juya zuwa tacrolimus ko pimecrolimus, waɗanda ba sa sirantar da fata, sai dai sukan yi raɗaɗi a kwanakin farko.

Babbar ɓarnar da ake wa fuska ita ce ta mayuka masu sitiroyid mai ƙarfi, irin su clobetasol da betamethasone, da waɗanda aka cakuɗa magani uku a bututu ɗaya, da wasu mayukan bilicin. Kwana biyu fuska ta yi sumul, mutum ya ce ya dace. Bayan makonni fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su kewaye baki, ranar da aka daina kuma ta yi bore fiye da da, sai a koma. Kusa da ido yana iya ɗaga matsin cikin ido. A kan makero kuwa ƙaiƙayin ne ke kwantawa, cutar na ta yaɗuwa har siffarta ta ɓace wa likita. Wanda ya daɗe yana shafa irinsu ya nemi likita ya tsara masa yadda zai rabu da su.

Wuya yana da nasa masu laifin. Turaren da ake fesawa kai tsaye a fata, sarƙa mai ƙarfen nikel, rinin gashi, kwalar riga mai kaushi, da shamfun da ke gangarowa ba a ɗauraye shi sosai ba. Borin irin waɗannan ba ya fitowa nan take, sai bayan kwana 1 zuwa 3, shi ya sa ba a zarginsu. A cire su na mako 3 zuwa 4 a gani, turare ya koma kan tufafi. Akwai kuma baƙin da ke kwanciya a bayan wuya, mai kauri da laushi kamar karan-miski, wanda ake ɗauka dauɗa ce ana ta dirza. Ba ya fita da soso. Sau da yawa alama ce ta jiki ya fara bijire wa insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, gwajin sukari yake buƙata.

Gwajin jini ya kamata kuma idan bushewar ta game jiki tare da kasala, jin sanyi da ƙarin ƙiba, domin raunin aikin thyroid, wani ƙullu da ke gaban wuya, na yin haka, ciwon sukari da na ƙoda ma suna busar da fata. Amosanin fuska da ya taso farat ɗaya da tsanani ya ƙi jin magani na iya nuna raunin garkuwar jiki. Idan wurin ya fara tsattsafo da ruwa ya yi ɓawo mai launin zuma, ƙwayoyin cuta sun shiga. Idan kuwa ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi suka fito a gungu a kan egzima, ga zazzaɓi, ko sun kusanci ido, a tafi asibiti a ranar.